Ranar da Mijin Yaya Ya Zaɓa

Shekara goma sha uku mijin yayata, Orrin Tackett, yana jefa sunansa a ƙuri'ar farautar Kwarin Mabry, shekara goma sha uku ƙuri'a tana tsallake shi. Mutum ashirin kacal hukumar namun daji take ba wa takardar harbin bijimin elk, wato wata ƙatuwar barewa, da baka a wannan kwarin, kuma duk faɗin Idaho babu maharbin da ba ya kwaɗayinta, don bijiman can ƙahonsu kamar an tumɓuke bishiya an dasa musu a ka. Da ƙuri'a tana da ido, da ta ci gaba da tsallake shi. To, makauniya ce. A shekara ta goma sha huɗu ta faɗa kansa.

Ni ce Verna, ƙanwar matarsa. Alfadarai shida gare ni, aikina kuwa sauko wa maharba da nama daga inda mota ba ta zuwa. Sana'ar Babanmu ce na gada. Na ga maharba iri-iri, masu tsoro, masu ƙarya, masu kuka in sun yi kisa. Amma wanda ya kashe dabba sau ɗari da baki tun bai bar gida ba, wannan sai Orrin.

Ranar Lahadi ya kawo labarin, muna cin abincin rana a gidan Baba bayan an taso daga coci. Bai bari an gama raba dankali ba ya miƙe, ya zaro takardar daga aljihun gaba, ya ɗaga ta sama kamar wanda aka yi wa albishirin haihuwa.

"Mabry," in ji shi. "Bijimi. Da baka."

Yaya Marlys ta ce ya zauna kada miya ta ɓata masa riga. Baba kuwa ya ajiye cokali. Shekararsa tamanin da uku a lokacin. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi yake jan ƙafar hagu, ga wani tari da ya ƙi barinsa. Shekara arba'in ya yi yana hawa Mabry da alfadarai, amma rabonsa da wurin an yi shekara shida.

"Orrin," in ji Baba, "in za ka hau, ka tafi da ni. Ba zan hana ka komai ba. In zauna a bakin tanti in ji kukansu, shi ke nan."

"Haba, Baba, ai wannan ba abin roƙo ba ne. Kai ne gaba, mu ne baya. Ka dai bari in fitar da lokacin da ya dace."

"Lokaci ai Satumba ne."

Orrin ya yi murmushin nan nasa, na mutumin da ya shekara talatin yana awon titi wa ƙaramar hukuma har ya ɗauka duniya ma da ma'auni aka shimfiɗa ta.

"Satumba kwana talatin ne, Baba. A cikinsu kwana ɗaya ne na gaske."

Daga ranar motar Yaya ta koma kwana a waje, don gareji ya zama ofis. Na leƙa cikin watan Yuli, na tarar bango uku a rufe da takardu. Taswirar kwarin, kalandar wata da ya zana da hannunsa, zafin kowace ranar Satumba na shekara goma, da wasu layuka ja da shuɗi masu hawa da sauka. A kan tebur kuma ga sabon baka, irin mai ƙarfin nan da samari 'yan shekara talatin ke ja, har yanzu da takardar shago a jikinsa.

"Zauna, Verna, ki ƙaru," in ji shi. "Farkon wata bijimai su kaɗai suke, ba su tara mata ba, ba su ji ƙafar mutum ba. Amma zafi, kuma bakinsu a rufe. Ƙarshen wata sun gaji da barbara, sun ji busar ƙarya har sun gane ta. Tsakiya kuma farin wata ne ke ɓata ta, don in akwai haske sai su kwana suna sha'aninsu, gari na wayewa su shige kurmi. Saboda haka abin da ake nema shi ne ranar da duhun wata, da sanyin farko, da tsananin barbara za su haɗu."

"Wannan bakan fa, mijin yaya? Yaushe za ku haɗu da shi?"

"Na harba kibau shida ranar Talata."

"Shida?"

"Kafaɗata ta ɗan yi tsami. Ai harbi ba a mance shi. Wahalar tana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

Na ce masa elk ba a goshi yake kiwo ba. Ya ce matsalata ke nan, na daɗe da alfadarai har na fara tunani irin nasu.

Duk da wannan lacca, bai tsaya a magana ɗaya ba. Da farko ya ce in tanadar masa alfadarai ranar biyu ga wata, wai ya karanta cewa mai rabo shi ne wanda ya riga kowa. Baba ya haɗa jakarsa tun saura kwana uku, tsohuwar jakar nan ta tamfol, ya sa hular ulu da safa biyu da maganinsa. Ranar ɗaya ga wata Orrin ya bugo waya, ya ce zafi ya yi yawa, an ɗage zuwa takwas. Ranar bakwai ya fita tsakar gida da magariba, ya ga wata ya fito jawur kamar faranti, sai ka ce ba shi ya zana shi a kalanda ba, ya ce an ɗage zuwa sha huɗu. Duk ranar da aka sa, Baba yakan fito baranda tun da sassafe da jakarsa a gefe, ya zauna yana kallon hanya. In rana ta take ya ja ƙafa ya koma ciki.

Ranar goma ga wata na kai wa Yaya tumatir, na same ta tana wanke-wanke tana buga kwanuka fiye da kima.

"Yaya, lafiya?"

"Ba zai tafi da Baba ba."

"Wa ya ce?"

"Shi ya ce. Wai tarin Baba ana jinsa daga mil guda, zai watsa garke. Wai zai ɗauko masa kukan a waya ya kunna masa."

"Ya gaya wa Baban?"

"Yana jiran lokacin da ya dace."

Abin da ke bakina bai dace a faɗa wa mace game da mijinta ba. Ranar sha biyu, tun kafin gari ya waye, na sa alfadarai biyu a tirela na tsaya a ƙofar Baba. Na tarar da shi a farke.

"Ina Orrin?" ya tambaya.

"Yana gareji yana farauta. Ɗauko hularka."

Inda hanyar mota ta ƙare na ɗora shi a kan Biskit, wadda ta fi duk alfadaraina haƙuri, na ɗaure ƙafarsa ta hagu a likkafa da igiya. Awa biyu muna hawa. Bai yi magana ba sai sau ɗaya, da ya ce na ɗaure majanyin sirdi kamar 'yar koyo. Muka isa kan tudun da ke kallon Mabry rana tana fitowa. Na shimfiɗa masa bargo, ya jingina da dutse, na zuba masa kofi.

Mun fi awa guda ba mu ji komai ba sai tarinsa da kukan tsuntsaye. Har na fara jin haushin kaina, ina cewa ko dai mai garejin nan yana da gaskiya. Can sai ga shi daga ƙasa, daga cikin duhun kurmi. Ya fara kamar fito, ya yi sama, ya karye, ya ƙare da gurnani uku. Baba ya rufe ido.

"Wannan ya sha miya," in ji shi. "Kin ji yadda muryar ta dushe? Tsoho ne. Ba ni mabusar."

Na miƙa masa mabusar da ake kwaikwayon kukan elk da ita. Ya sa a baki ya hura, numfashi bai kai ba, sai wata 'yar tsuwa da ta fito kamar ta ɗan tsako. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na karɓa na busa. Tsohon bijimin ya amsa sau ɗaya, a gajarce, irin amsar wanda aka dama yana hutawa, daga nan bai ƙara ba. Muka ci burodi da cuku, muka sauko. Baba ya yi kwana biyu a kwance saboda gajiya, amma ya cinye duk abin da aka kai masa, abin da ya daɗe bai yi ba.

Washegarin hawan namu Orrin ya same ni a garke ina yanke wa alfadari kofato. Ko motar bai kashe ba.

"Verna, kin san abin da kika yi kuwa? Kin kwashi warin mutum da warin alfadari da tari kin kai tsakiyar wurin da na yi wata biyu ina tanadi!"

"Tanadi? Dutse ne ko kek da ka rufe a kwano? Mutum goma sha tara ke da takarda irin taka, sati biyu ke nan suna tattaka kwarin. Uku na riga na sauko wa da nama."

"Ƙanana suka harbo."

"Ƙananan suna cikin firiza. Naka yana jikin bango."

"Kuma ni na yi wa Baba alkawari. Kin sa na ji kunya."

"A'a, mijin yaya, kunyar taka ce tun asali, ni dai na kai maka ita gida."

Ya tsaya yana huci. Sannan ya ce sha huɗu ma ta rushe, sai an bar kwarin ya huce. Ya ce ya gama lissafi, kuma wannan karon babu canji: ashirin da biyu ga wata, tun hantsi bai yi ba. Na ce ya nemi wasu alfadaran. Da yamma Yaya ta zo har gida, ta zauna a kan buhun dusa ba ta ko cire jakarta ba.

"Ki raka shi, Verna. Ba don shi ba, don ni. Shekararsa sittin da ɗaya. In ya faɗi a dutsen nan babu wanda zai sani."

Abin da ya kai ni ke nan.

Muka hau ranar ashirin da ɗaya, muka kafa tanti a bakin rafi. Kayan da ya kawo sun ishi mutum huɗu. Akwai na'urar auna iska, na'urar auna nisa, da wani turare mai warin fitsarin elk da ya fesa wa kansa har Biskit ta juya masa baya.

Yanzu zan faɗi abin da ba na son faɗa, amma gaskiya ce. Lissafin Orrin ya yi daidai. Shekara talatin ina hawa duwatsun nan, ban taɓa ganin safiya irin ta ashirin da biyu ga watan nan ba. Raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat, iska tana gangarowa a hankali tana bugun fuskarmu, kuma kwarin gaba ɗaya ya ɗauki kuka. Na ƙirga bijimai bakwai, wannan ya yi, wancan ya amsa, wani yana dukan bishiya da ƙaho har ana jin rassa suna karyewa. Orrin ya juyo ya dube ni, idonsa yana ƙyalli.

"Me na ce miki?" ya yi raɗa.

"Ka ce. Durƙusa bayan wancan kututturen, ka sa kibiya."

Na koma baya kamar taku hamsin, na yi kukan mace sau biyu da mabusa. Ba a yi minti goma ba wani bijimi ya taho. Da farko ƙahon na gani yana ratsa tsakanin itatuwa, sannan wuyan, baƙi, jiƙe da taɓo, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Rassa shida kowane gefe. Ya zo ya tsaya a fili, taku ashirin da biyar daga Orrin, ya ba shi haƙarƙari, ya juya kai yana neman macen da ta kira shi. Ko a mafarki maharbi ba ya roƙon abin da ya fi wannan.

Orrin ya ɗaga baka ya ja. Tsirkiya ta zo rabi ta tsaya. Ya sake, ya ƙara ja, fuskarsa ta yi jawur. Sanyi, ga rigar ulu mai kauri, ga durƙuso, ga kafaɗar da rabonta da aiki tun kibau shida na watan Yuli. A karo na uku ya ɗaga bakan sama kamar mai harbin gajimare, ya yi wani nishi, ya fizgo ta da ƙyar. Bijimin ya ji nishin. Ya ɗaga ƙafa zai wuce, kuma maimakon Orrin ya haƙura, sai ya saki.

Na ji ƙarar shigarta, kuma ban ji daɗin ƙarar ba. Bijimin ya ƙanƙance baya, ya yi tafiyar sanɗa ya shige kurmi, ko gudu bai yi ba.

"Na same shi! Verna, na same shi!"

"Rufe bakinka."

Kibiyar ta fita ta ɗaya gefen. Na tsince ta a ciyawa na shinshina. Babu jan jini, sai wani kore-kore mai warin tumbi.

"A ciki ka same shi," na ce. "Mu koma tanti, sai la'asar. Zai kwanta nan kusa, in ba a tashe shi ba a nan za mu same shi."

"La'asar? Da tsakar rana zafi zai tashi, nama ya lalace. Na lissafa."

"Lissafinka ya ƙare, mijin yaya. Daga nan aikina ne. Dabbar nan da ranta. In ka bi ta yanzu, sai ta tsallake dutse biyu."

"Kin san shekara nawa na jira?"

"To ƙara awa takwas a kai."

Mutumin da ya iya jiran wata ya yi duhu, ya kasa jiran rana ta karkata. Ina ɗaure mabusata a wuya, na ɗago sai bayansa na hango yana kutsawa cikin kurmi. Ban daɗe ba na ji abin da nake tsoro, ƙarar babbar dabba ta zabura tana karya itace. Taku ɗari biyu kacal bijimin ya yi ya kwanta. Da na iso na ga makwancin, ciyawa a danne, ɗan jini baƙi kamar cikin tafin hannu. Orrin bai tsaya ba. Ya sake tashin bijimin a bakin rafi, daga nan dabbar ta haye ruwa, ta shiga gangaren da gobarar daji ta bari, inda matattun itatuwa suka faɗi kan juna kamar an zubar da ashana. Sawu ya ɓace.

Muka nema har rana ta faɗi. Muka nema washegari tun daga safe, ni a gaba ina duba ƙasa, shi a baya yana bayani. Wai kibiyar ce aka yi mata gashi a karkace. Wai na'urar auna nisa ta ba shi ashirin da uku. Wai da na busa sau ɗaya maimakon biyu, da bijimin ya tsaya cak. Na ce masa in ya ƙara ambaton mabusata zan sa ya haɗiye ta.

A rana ta uku, wajen azahar, na ga hankaki suna shawagi a kan wani kwazazzabo. Tun kafin mu gangara wari ya tarye mu. Yana kwance a gefensa tsakanin itatuwa biyu, cikinsa ya kumbura kamar ganga, diloli sun riga sun fara ci ta baya. Na tsaga cinya da wuƙa don in tabbatar, naman ya yi kore har ƙashi. Naman da zai ciyar da gida biyu har bazara, ko loma ɗaya ba ta tsira ba. Daga alamun ƙasa na ga ya daɗe yana shure-shure kafin rai ya fita. Na zauna a kan dutse.

Orrin kuwa ya toshe hanci da hula, ya zaro ma'auni yana auna ƙaho.

Da ya gama sai ya matso kusa da ni, ya sassauta murya.

"Verna, babu wanda ya ga wannan sai ni da ke. Saura kwana shida a rufe farauta. Bisa lissafina ashirin da shida ma ba ta da laifi. In muka bar shi a nan, ai daji ne ya ci kayansa."

Doka ita ce in ka yi kisa, ka yanke rana da wata a jikin takardarka, ka ɗaura wa dabbar, farautarka ta ƙare ke nan. Na juya wuƙata na miƙa masa ƙotar.

"Yanke takardar."

"Ki tsaya ki ji..."

"Yanke ta, ko in kwance alfadaraina in sauka in bar ka da tantinka, kuma ban tsaya ko'ina ba sai ofishin mai gadin daji. Daga can in wuce wurin Yaya."

Ban san wanne ya fi tsorata shi ba. Ya karɓi wuƙar, ya fito da takardar, ya tsaya yana kallonta.

"Wace rana zan yanke? Ashirin da biyu ko ashirin da huɗu?"

"Ranar da ka ga dama."

Ya yanke ashirin da biyu.

Shi ya cire kan da hannunsa, yana yi yana amai, ni ko kallo bai ishe ni ba. Da muka koma tanti ya ce in ɗaura ƙahon a kan Biskit. Na ce alfadaraina nama suke ɗauka, tun da babu nama za su sauka da tanti da tukwane. Ya ɗauka wasa nake. Na hau, na ja ragama. Mil bakwai ne daga rafin zuwa inda muka bar mota, kuma Orrin Tackett ya yi su a ƙasa, da ruɓaɓɓen kai a ɗaure a bayansa, ƙaho yana sarƙe kowane reshe, ƙudaje sun yi masa rawani, rina biyu suka harbe shi a wuya. Sau uku ya zauna ya ce zuciyarsa za ta tsaya. Sau uku na jira shi, saboda na yi wa Yaya alkawari, amma ban sauko ba.

Da muka shigo gari ya dage sai mun bi ta gidan Baba. Muka tarar da shi a baranda. Orrin ya buɗe bayan a-kori-kura, ya ja da baya don a gani da kyau.

"Shida da shida, Baba. A ranar da na faɗa, a sa'ar da na faɗa."

Baba ya dafa sanda ya taso, ya ja ƙafa har bakin motar. Ya dubi ƙahon, ya leƙa cikin motar, ya leƙa tirela.

"Ina naman?"

Orrin ya fara bayanin zafin tsakar rana da gashin kibiya. Baba ya bar shi ya kai aya, sannan ya juyo gare ni.

"Verna, kama ni mu shiga ciki. Iskar nan ba ta da daɗi."

Yaya ta ce kan nan ba zai shiga ɗakinta ba ko an wanke shi da ruwan teku. Orrin ya dafa shi a tsohuwar ganga a bayan gida, maƙwabta suka rufe tagogi kwana biyu, sannan ya kafa shi a gareji.

Cikin Nuwamba ƙungiyar maharban baka ta garinmu ta gayyace shi ya yi jawabi a ɗakin taro na coci, a kan yadda ake zaɓen lokacin farauta. Hoton ƙahon ya zagaya gari, labarin naman kuwa bai zagaya ba, don ni ba na tallan abin kunyar gidanmu. Mutum sun fi arba'in. Na je don Yaya ta ce ba za ta iya zama ita kaɗai ba, muka zauna a layin baya kusa da tukunyar kofi. Ya yi awa guda da kwata yana nuna layuka ja da shuɗi da sanda, mutane suna rubutawa. Ya ce farauta kashi tara cikin goma haƙuri ne. Yaya ta matse hannuna har na ji zafi.

Da aka zo tambayoyi, wata mata mai gyaran gashi, wadda ta fara koyon harbi a bara, ta ɗaga hannu.

"Malam Tackett, an ce naman bijimi a tsakiyar barbara yana da ƙarni. Naka ya ka same shi?"

Orrin ko ƙifta ido bai yi ba.

"Wannan," in ji shi, "sai wanda ya ci."

Aka yi dariya, aka tafa. Yaya ta miƙe, ta je gaban ɗakin a gaban kowa, ta sa hannu a aljihun rigarsa da ke rataye a kujera, ta zaro makullin mota, ta fita. Na bi ta. Muka isa gidana, ta sha shayi kofi biyu, ta tambaye ni ko ina da ɗakin da za ta kwana biyu. Kwana tara ta yi. Shi kuwa a ranar, fasto ne ya rage masa hanya zuwa gida, da takardunsa a naɗe a hammata.